Layi Ɗaya da Ka Canza, Ga Abin da Ya Jawo a Hanyar Zurmi

Zuwa ga Injiniya mai kula da fayil ɗin bayanin manhajar tambarin shafi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina rubuto maka daga Ƙauran Namoda, raina a ɓace. Ni na gina shafin da direbobinmu ke dubawa kafin su kama hanyar Zurmi ko Shinkafi, su ga inda aka hangi 'yan bindiga. Yawancinsu ba su yi boko ba. Ɗan tambarin koriyar mota suke nema a waya, su latsa, su saurari sanarwa.

Na ɗaya: ƙaramar manhajar da ke fito da tambarin nan lafiyarta lau. Naka aikin shi ne fayil ɗin da ke gaya wa na'ura irin bayanin da take karɓa. Ka canza layi ɗaya, ka rubuta cewa lamba kaɗai take karɓa, alhali tana karɓar rubutu ma, shafina kuwa rubutu yake ba ta. Ba ka gwada ba, ba ka sanar da kowa ba.

Na biyu: ranar kasuwar Shinkafi da safe aka kira ni cewa an tare hanya kusa da Birnin Tsaba. Na sabunta shafi don in saka gargaɗi, na'ura ta ci karo da layinka ta ƙi tashi. Shafi ya mutu, tambari ya ɓace. Ina ta kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya, wasu wayarsu ba ta shiga.

Na uku: kawuna Malam Isiya bai ga komai ba, ya ɗauki fasinja ya tafi. 'Yan bindiga suka buɗe masa wuta. Harsashi ya farfasa masa cinya, suka ja mata biyu zuwa daji, suka ƙone motar. Ni na riƙe shi a asibiti ana ɗinki, jininsa har gwiwar hannuna.

Ban ce kai ka harbe shi ba, Injiniya. Amma na kai maka ƙorafi ka rufe shi da cewa ƙaramin abu ne. Zo asibiti ka faɗa wa matarsa haka.

Ina neman ka gyara layin, ka riƙa gwaji da sanarwa kafin ka saki sabon abu, in kuma ka gaji ka miƙa wa wani.

Allah Ya tsare ka da irin hanyarmu. Kawu ya farfaɗo, matan nan kuwa har yau suna daji.

Wassalam.
Nafi'u, Ƙauran Namoda