Kan da na gyaɗa wa Farfesa

Zuwa ga aminina Malam Bala,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ni ma'aikacin tafireta ne, ban iya fitar da magana ba sai a kan takarda.

Labarin gida ba shi da yawa. Ina nan Jigwada, a ɗakin da ka sani. Gwiwoyina sun ƙi, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda. Yarana suna Abuja, sai dai waya. Mai leƙo ni duk ranar Asabar ita ce 'yarka Hajara. Takan zo da kunun gyaɗa, ta duba magungunana, ta yi mini faɗa in na tsallake na safe. Yanzu Dakta ce a jami'a, kuma an naɗa ta editar mujallar sashensu.

Saboda ita nake rubuto maka. Tana tsara ƙa'idojin da masu duba maƙala za su bi, sai ta tambaye ni yadda muke yi a kwalejinmu ta can arewa. Na gaya mata. Maƙala ta iso, in yanke sunan marubuci da reza kafin a kai wa mai dubawa. Mai dubawa ya rubuto hukuncinsa da hannu, in sake buga shi a tafireta don kada a gane rubutunsa, in kulle na asalin a kabad. Edita da ni kaɗai muka san wa ya duba wa. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce kai ka sha gaya mata cewa bakin Baba Audu ya fi wannan kabad ɗin kulluwa. Tana so ta sa sunana a gabatarwar ƙa'idojin, a matsayin misali.

Bala, me ya sa ka gaya mata haka?

Ka tuna maƙalar Farfesa, shugaban sashenku, wadda ka gano rabinta daga kundin wani ɗalibinsa aka kwashe? Ka rubuta cewa kada a buga, ka jera shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ni na buga hukuncin. Bayan kwana uku ya shigo ofishina da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna, ya tambayi iyali. Bai nemi suna ba. Ya tambaya kawai ko mai dubawar ɗan garinmu ne. Mutanen Keffi biyu ne a kwalejin nan, ni da kai. Na gyaɗa kai.

Bai tsorata ni ba, bai yi mini alkawarin komai ba. Babban mutum ne ya zauna a kujerata yana kirana da sunana, na ji kunyar in bar shi ya tashi haka nan.

Sauran ka sani. Takardunka na ƙarin girma suka yi ta ɓacewa a ofishinsa. Ɗalibanka aka raba wa wasu. Ka yi ritaya a matakin da kake tun lokacin, ka dawo Angwan Iya kana noman doya a hanyar Garaku. Ka zargi edita, ka daina gaishe shi har ya rasu. Ina tsaye kusa da kai a jana'izarsa, ban ce komai ba. Duk shekarun nan ina gaya wa kaina ai ban faɗi suna ba. Reza da tafireta da kabad, duk na me ne in mai riƙe da makulli zai gyaɗa kai?

Ko ka sani ka yi shiru? Wannan ne ba zan taɓa ganewa ba.

Na yi tunanin in ce mata kawai ba na son a sa sunana. Za ta ɗauka kawaici ne, ta ƙara girmama ni. Ba zan iya ba. Jibi Asabar, zan gaya mata duka, har da batun edita, don iyalansa suna nan kuma suna da haƙƙin su ji. In tana son misali, ta rubuta cewa ko da kai ba a amsa irin wannan tambaya.

Wataƙila ba za ta sake zuwa ba. Na roƙi maƙwabciyata ta koya mini yadda zan tsara shan magungunan da kaina, na kuma iya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini in ana yafewa daga can.

Naka,
Audu mai tafireta, Jigwada