Tabarmar da Na Kwance Daga Kekenka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Allah tana tare da kai a inda kake kwance, ina sanar da kai mu nan Bungudu lafiya lau muke, sai ciwon gwiwa da hawan jini da suka mai da ni gidan haya. Damina ta zauna sosai, gero ya kai ƙugu. Shekara goma sha shida ke nan da tafiyarka, kuma har yau ban sami wanda zan riƙa tsokana yana yin shiru kamar kai ba.

Na san ba a kai wasiƙa inda kake. 'Yarmu Hassana, da ke aure a Tsafe, ta ce in na rubuta za ta sa a waya mutane su karanta. Na ce ta sa, ko wani mai keke ya tsinci abin da zai amfane shi. Rubutun dai na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda kake cewa kamar kaza ta yi tono. Ka yi haƙuri ka karanta haka nan.

Maganar jikanka ce ta kawo ni. Ɗan Hassana, wanda aka sa wa sunanka, shi ya sa har gobe bakina bai iya kiransa, sai dai in ce Ango. Ka bar shi yana ɓarar da fura a rigarsa, yanzu ga shi har da gemu. Ya sami aikin koyarwa a wata makaranta a Gusau, ya baro gidan iyayensa ya dawo wurina da zama don kada in kwana ni kaɗai. Kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, sai ya sayi keke. Kullum da sassafe ya kama hanyar Gusau, da yamma ya dawo, kamar yadda ka yi shekara talatin da wani abu. In na ji ƙarar kekensa a zaure, wani lokaci sai in manta ba kai ba ne, in gyara ɗankwali.

Sai dai wannan sabon mijin nawa bai da dabararka. Wanka yake yi ya sa farar shadda mai guga, ya fesa turare, ya hau keke. Kafin ya kai Gusau zufa ta jiƙa shi, baƙin man sarƙa ya zana masa ƙafar wando. Ya ce 'yan aji har suna suka sa masa. Ban tambaye shi sunan ba, don kada in riƙa kiransa da shi.

Wannan duk abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne ranar Talatar makon jiya. Ruwa ya tsuge tun la'asar, ni ina cewa zai fake, sai ga shi ana kiran magariba ya shigo yana tura keke, jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Kwana biyu yana tari. Malam, da na ji tarin nan, sai na tare a bakin gadonsa. Na san muryar tarin.

Da ya ji sauƙi sai na sa shi ya jawo mini adakarka daga ƙarƙashin gado.

Ka tuna ta? Koriyar adakar ƙarfen nan da kake ajiyewa a sito, a ofishin da kake masinja. Kai ba ka taɓa barin gida da kayan kirki ba. Tsohuwar taguwa da wando mai faci kake sawa, ka ɗaure ƙafar wandon da roba, ka tafi. Matan unguwa har gori suke yi mini, wai ban iya wanki ba, mijina na fita kamar mai zuwa kamun kifi. Ba su san kakinka biyu na can cikin adaka a ninke ba, da hula, da baƙin takalmin da bai taɓa taka feda ba. Ranar Litinin kake tafiya da wankakku a naɗe cikin leda, ranar Juma'a ka dawo mini da masu datti.

Sau ɗaya na gan ka a wurin aiki, ranar da na kai Hassana asibiti muka biyo. Wani mutum ya fito tsaf-tsaf yana ƙamshi, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na ce don Allah mijina nake nema. Ka bar ni sai da na gama gaisuwar kaf, sannan ka ce, "Hajiya, wane iri ne mijin naki?" Wata guda ban yafe maka ba.

Na buɗe wa Ango adakar, na riƙa fitowa da kayan ɗaya ɗaya ina gaya masa amfaninsu, yadda kake gaya mini. Sabulu da soso da ƙaramin tawul, da ɗan bokiti, don kakan isa da wuri ka huce a gindin dalbejiya, ka watsa ruwa a bayan sito kafin manya su zo. Kakan ce in mutum ya sa riga mai kyau a kan zufa, rigar kawai ya ɓata. Silifa na alwala, da buta taka ta kanka. Man shafawa, matajin kai, asuwaki. Tsumma biyu, ɗaya na hannu ɗaya na sarƙa, kuma ba ka yarda a haɗa su. Allura da zare a cikin gwangwanin madara, saboda sirdin keke ba ya jin kunyar wandon kowa.

Sai kayan keken kansa: famfo, da faci da gam ɗinsa, da sifana guda biyu, da sabon tiyub na ko-ta-kwana. Gam ɗin ya bushe ya zama dutse, tiyub ɗin ya narke ya manne. Ango ya ce zai sayi sababbi, ya ƙara da abin cajin waya da rigar ruwa, kayan zamaninsu. Na ce ya sa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari a gwangwani mai murfi, don na san wanda ya tuƙo keke daga Bungudu, kafin azahar cikinsa ya fara kiran sunan uwarsa. Ka tuna shekarar da ɓeraye suka gano gwangwaninka, ka dawo kana rantsuwa wai ɓerayen birni sun fi na ƙauye ilimi.

Yaron ya yi ta murna, yana cewa ashe kakansa injiniya ne. Ni kuwa ina kallon ƙasan adakar, inda babu abin da ya kamata a ce yana nan.

Malam, abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yanka ba ke nan, yau ga shi zan faɗa duniya ta ji.

Shekararka ta biyu da fara aiki, Hassana na goye, damina ta kama. Wata safiya na fito na same ka a tsakar gida kana ɗaure sabuwar tabarma da bargo a bayan keke. Ka ce za ka ajiye su a sito, saboda ranar da hadari ya tare ka, ka kwana can wurin maigadi ka dawo da safe. Ni kuwa da bakina da ba ya zama, na zo na kwance igiyar ina dariya, na ce, "Yau tabarma, gobe tukunya, jibi kuma sai mu ji ka tare a Gusau." Na shimfiɗa ta a nan ƙofar ɗaki na zauna a kai ina ɓarar gyaɗa, ina kallonka. Ka tsaya riƙe da keke, ka yi murmushin nan naka, ka ce, "To, Hajara, na bar miki ita."

Wasa na yi, amma ba wasa ba ne duka. Yarinya ce ni, an kawo ni daga Tsafe garin da ban san kowa ba, in aka yi tsawa tsoro nake ji. Ban iya cewa ina jin tsoro ba, sai na mai da shi tsokana. Kai kuma ka gane, ka riƙe maganar kamar alkawari. Daga ranar ba ka ƙara ɗaukar shimfiɗa ba, ba ka kuma taɓa kwana a Gusau ba. Na girma, tsoron ya wuce, 'ya'ya suka cika gida, na manta ma da maganar. Kai ba ka manta ba. Ko da sau ɗaya ban ce maka, Malam, ɗauki tabarmarka ba. Daɗin jin ƙararrawarka a zaure nake ji, ban taɓa tambayar kaina yadda kake isowa ba.

Sai ranar Alhamis ɗin nan ta cikin marka. Ka shigo bayan magariba kana tura keke, tayar baya ta sace tun wajen rabin hanya, ruwa bai bar ka ka yi faci ba. Na yi maka tsiya, na ce ga kwaɗo ya shigo mana gida. Ka yi dariya, dariyar ta zama tari. Kwana tara ka yi.

Ranar sadakar bakwai, Baba Ɗanjuma maigadin ofishinku ya kawo adakar a kansa tun daga bakin titi. Ya zauna a zaure yana share hawaye, ya ce ranar Alhamis ɗin ya riƙe maka keke, ya ce ka dubi gabas, ka kwana. Ka ce masa, "Ba ni da shimfiɗa a nan, kuma ana jirana." Ya ce zai ba ka tasa, ka ce tsoho ba zai kwana a siminti saboda kai ba. Shi yana faɗa ne don a san kirkinka. Ni kaɗai a gidan na san dalilin da ya sa ba ka da shimfiɗa.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Malamai sun faɗa, na kuma yi imani. Amma imanin bai hana ni ganin hannuna a kan igiyar nan ba, shekara goma sha shida.

Don haka da na gama nuna wa Ango kayan, sai na shiga ɗaki na fito da tabarma sabuwa da bargo da gidan sauro, na ɗora a kan adakar. Na ce ya roƙi shugaban makarantarsu ɗan lungu ya ajiye. In hadari ya haɗu, ko aiki ya riƙe shi har rana ta yi ƙasa, ya kwana can. Hanyar ma yanzu ba irin taku ba ce. Ku ruwa kawai kuke tsoro, su kuwa har da mutane, kowa so yake ya shige gida da sauran haske.

Yaron nan ya ture tabarmar gefe. Ya ce, "Amarya, wa zai ba ki maganinki, wa zai rufe miki ƙofa?" Na ce ina shan magani tun kafin a yanke masa cibiya, kuma na riga na yi magana da maƙwabciyarmu Inna Kulu, ita ma mijinta ya rasu, za ta riƙa zuwa taya ni kwana. Na ce duk ranar da ya sake shigo mini a jiƙe, yaji zan yi in tafi Tsafe, sai ya zo biko da goro. Ya yi ta dariya, ya ce ko ƙanƙara ake yi sai ya dawo. Yadda ya karkata kai yana faɗa, kai ne sak.

Nan na ga tsokana ba za ta fisshe ni ba, ita ce ma ta kai ni inda nake. Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga igiyar har zuwa maganar Baba Ɗanjuma. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba tare da na sa abin dariya a ciki ba. Washegari na leƙo ta taga na gan shi yana ɗaure tabarmar a bayan keke. Na riƙe hannuwana a cikin zane har ya fita.

Amma ɗauka daban, kwana daban, sai na zuba ido.

Jiya Laraba, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Na kwashe shanya, na kora awaki, na zauna a bakin ƙofa da waya a cinya. Ban kira shi ba, don na san in ya ji muryata zai taso. Rabin zuciyata na roƙon Allah ya zaunar da shi, rabi kuma, kada in yi maka ƙarya, kunne ta kasa tana jiran motsin keke a zaure. Ashe yarinyar nan mai tsoron tsawa ba ta tafi ko'ina ba.

Ruwa na fara sauka wayar ta yi ƙara. Ya ce, "Amarya, yau kin rasa miji. Na shimfiɗa tabarmarki a ofishin malamai, na jiƙa kwaki. Ki sha maganinki." Na ce can ta matse masa, dama na gaji da minsharinsa. Na kashe wayar, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai.

Inna Kulu ta shigo da lema ta same ni haka. Muka ci tuwon da na tuƙa da rabonsa a ciki. Ruwa aka yi kamar na ranar Alhamis ɗinka, aka yi tsawa, na ji tsoro, ban kuwa mutu ba. Da abin da zan iya ke nan tun farko, Malam. Kwana ɗaya ne kawai.

Ka yafe mini. Na san da kana nan cewa za ka yi ba komai, Hajara, kwana ne ya ƙare. Duk da haka ina roƙo, don ban roƙa ba kana da rai.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwancinka, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Duk zufar da ka zubar tsakanin Bungudu da Gusau don mu ci halal, Allah ya sa ka same ta a mizani. Allah ya tsare jikanka a tafiya da dawowa, da shi da duk mai fita neman abinci a kan keke, ya ba na gida haƙurin cewa su kwana in hanya ta ƙi. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Ka huta lafiya.

Ni ce matarka mai bakin tsiya,
Hajara, Bungudu.