Sodar Sabulu a Miyar Inna

Daren Laraba, watan Sha'aban

Sodar da nake haɗa sabulu da ita na bari a kwano a bakin madafi, na tafi rijiya. Mai sayar da ita a kasuwar Gezawa ya ce daga gishiri ake yin ta, kuma fara ce tas kamar gishirin. Inna, uwar maigidana, idonta ya yi rauni. Ta ɗiba ta zuba a miyar kuka.

Na shigo na tarar tukunya na kumfa, ludayi ya kusa bakin Inna. Ban san lokacin da na buge shi ba.

Ta ce, "Ke Rabi, lafiyarki?"

Na kama yatsunta da suka yi ja ina ta kwarara musu ruwa.

Da Malam, maigidana, ya dawo ya ji, ya ce an gama sabulu a gidan nan. Inna ta ce, "Ka yi mata ɗaki mai kwaɗo dai. Sana'arta ce."

Malam ya tashi ya je ya kwanta.