Da Sauƙi, In Ji Ladan

Unguwar Shanu, Kaduna

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Malumfashi.

Shehu direba ya kawo mini faɗanki, wai na daina ɗaukar wayarki. Ba raini ba ne, Yaya. Magana ce take cinye mini numfashi, biro kuwa ba ya sa ni haki. Tun koronar nan da ta kwantar da ni bara, zazzaɓi ya tafi, tari ya tafi, amma numfashina bai dawo daidai ba. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na dafa bango.

Ranar Talata na ji kunya. Ina kiran la'asar, na kai "hayya alas salati", na ja, sai iska ta ƙare mini a tsakiya. Lasifika kuma ba ta rufa wa mutum asiri. Duk unguwa ta ji ladan yana haki. Ashiru tela ne ya ƙarasa kiran.

Liman ya ce dattawan masallaci za su zauna a kaina kafin azumi. Kin san a nan Baba ya yi ladanci har ya rasu, daga hannunsa na karɓa. In aka karɓe, ban san me zan zama ba.

Amma da sauƙi, alhamdu lillahi. Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Isiyaku

Malumfashi

Isiyaku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kai ne dai abin ji.

Da sauƙin me? Tun kana yaro haka kake. Ka faɗo daga kan mangwaro, hannu na lilo, Inna ta tambaye ka, ka ce da sauƙi. Har yanzu da gemunka ba ka canza ba.

Ga zuma nan da habbatus sauda, da wasu saiwoyi na hayaƙi. Matarka Hafiza ta zuba saiwoyin a kasko ka lulluɓa da bargo, ƙirjin zai buɗe. Na kuma kira duk 'yan garinmu da ke Rigasa da Unguwar Kanawa, na ce wanda bai je duba ka ba kada ya ƙara gaishe ni. Ba za a ce ɗan gidanmu yana kwance ba masu dubiya ba.

Ladancin Baba kuwa ba mai taɓa shi ina raye. Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka,
Indo

Unguwar Shanu

Yaya Indo,

Salama da gaisuwa irin ta girmamawa. Hafiza ce. Malam bai san na rubuto ba, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Hayaƙin nan ya kusa tafiya da shi. Da na yaye bargon idanunsa sun firfito, yana kama wuyan rigarsa. Na zubar da garwashin ina kuka.

Masu dubiya kuma sun zo, Allah ya saka. Amma Yaya, kowa ya shigo sai Malam ya tashi zaune, ya amsa gaisuwa tun daga gajiya har iyali har mutanen gida, ya rufe da "da sauƙi". In suka fita sai ya kife a kan tabarma, washegari ko alwala sai na kawo masa buta.

Na matsa muka je asibiti. Likita ta ce, "Malam, ya jikin?" Ya ce da sauƙi. Har ta fara rufe kati, na daure na ce, "Likita, wallahi ba sauƙi." Kallon da ya yi mini ban taɓa ganin irinsa ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna zuciya, komai lafiya. Sai da ta sa shi ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, sannan ta ga abin da nake gani kullum. Ta ce ragowar korona ce, tana daɗewa a jikin wasu, kuma ba ta da ƙwayar da za ta ba shi ta warke. Ta koya masa ya zauna ya ɗora gwiwar hannu a cinya, ya shaƙa ta hanci a hankali har ciki ya taso, ya fitar ta baki kamar mai hura koko. Ta ce ya riƙa tsayawa tun kafin ya gaji. Na tambaye ta yaushe zai warke. Ta ce ba ta sani ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Dattawa sun zauna, suka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Suka ɗauki maganarsa. Shi zai kira magaribar farko ta azumi, lokacin da kowa ke riƙe da dabino yana jiran muryarsa. Ni ba ya jin tawa. Don Allah ki yi masa magana.

Taki,
Hafiza

Malumfashi

Isiyaku,

Gaisuwa. Na ji komai, kada kuma ka yi wa Hafiza faɗa. Ni na turo maka hayaƙi da taron jama'a, ina ganin gata nake yi maka. Tun da na karanta takardarta na kasa cin abinci.

Ka je ka gaya wa Liman gaskiya. Baba ladanci ya bar maka, bai ce ka mutu a kansa ba. Ban san abin da zan aiko maka ba kuma, sai addu'a.

Ka rubuto ka gaya mini ya jikin.

Indo

Unguwar Shanu

Yaya,

Salama. An sha ruwa lafiya.

Ban je wurin Liman ba. Na tsaya gaban lasifika, na shaƙa ta hanci yadda likita ta ce, na buɗe baki. Kabbara ɗaya ta fito. Na jira ta biyu, ba ta zo ba. Ashiru yana bayana, na matsa na ba shi wuri. Da muryarsa unguwa ta buɗe baki, ni ina zaune a gindin bango da dabino a hannu, ina hura iska.

Makullin ɗakin lasifika yana wurinsa yanzu.

Kin tambaye ni jiki. Babu sauƙi, Yaya.

Ki sa ni a addu'a.

Isiyaku