Gwiwar da Kamfanin Inshora Ya Ce Tsohuwa Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya su Auta da makaranta? Ni lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ke ɗan taɓa ni, ba wani abu ba ne.

To, gaskiya aiki likita ya ce za a yi mata. Na miƙa katin inshorar lafiyar da ma'aikatarmu ta ba mu, hankalina kwance. Da yake duba ni ya tambaya ko ta taɓa ciwo. Ka san Inna ta hore mu kada mu ɓoye wa mai magani komai. Sai na kwashe labarin ranar da ka goya ni a keke muka faɗa kwata, har muna dariya, shi kuwa yana ta rubutawa.

Jiya takarda ta zo daga kamfanin inshorar. Wai tsohon ciwo ne, katina bai ɗauki aikinsa ba, iyakarsa gashin ƙashi sau goma a shekara, kuma na cinye takwas. Na je ofishinsu, wata mata ta nuna mini layin da na sa hannu a ƙarƙashinsa ranar da na fara aiki, ban karanta ba. Ta ce ta tausaya mini, shi ke nan.

A wurin aiki dai ina nan ina ɗaukar kwalaye, in na zauna wani za su kira. Ban san abin yi ba, Yaya. Ku sa ni a addu'a.

In Inna ta ga ina ɗingishi a bidiyo, ka ce mata sabon takalmi ne.

Ƙaninka.