Warin da Na Gane a Rumfarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi mai wankin hula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan makwancinka ya yi sanyi.

Baba, ban taɓa yi maka cikakken bayanin aikina a jami'a ba. Kai dai kakan gaya wa abokanka a Ƙofar Doka cewa Rabi na kiwon ɓeraye da izinin hukuma. Wani ruwa mai guba muke ba su don mu ga yadda yake lalata hanta. Wasu mukan yanke musu jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hanta, sai ɓarnar ta zo da sauƙi. Waɗanda aka tayar wa da hankali kuwa, tasu hantar ta fi lalacewa.

Ranar da malaminmu ya fara buɗe kwalbar a gabanmu, na gane warin. Ruwan nan ne da kake cire maiƙo da shi a bakin huluna, cikin rumfarka marar taga.

Na zo gida ran Juma'a na faɗa maka. Ka yi dariya, ka ce hulunan Sallah sun taru, da an sauko idi za ka daina. Na koma makaranta, ban sake tayar da maganar ba.

Wata rana ƙanwarka Gwaggo Hanne ta ja ni gefe, ta ce in dubi idonka da kyau. Ya yi rawaya. A asibiti likita bai ɓoye mini komai ba: hantarka ta lalace, babu sauran magani. Ya ce ni ce ya dace in sanar da kai. Sai na tuna ɓerayen da muke firgitawa, na raya a raina tsoro zai ƙara maka ciwo. Na ce maka ciwon shawara ne, zai wuce. Ka ce, “To, ke ce mai karatu.” Har ka koma rumfa kana lallaɓawa.

Har yau ban sani ba, Baba, ilimi ne ya rufe mini baki ko raguntata. Na dai san da ka ji gaskiya, da ka aika ƙauye an kira Baffa Sani, ƙanenka da kuka daɗe ba kwa magana. Ya iso an riga an kai ka, ya zauna a zaure yana tambayata ko ka ambace shi.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka yafe mini.

'Yarka,
Rabi