An Bar Ubana a Bakin Kogi

Zuwa ga Malama Rakiya, Shugabar ɗakin karatun yaranmu na Adjamé Liberté, da dukan 'yan kwamitinta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da aiki, ni ne Malam Ɗanjuma na Treichville, tsohon ɗan dakon tashar jiragen ruwa, abokin marigayi mahaifinki. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, kin sani. Maƙwabcina Sule tela ne ke riƙe da biro, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. In kin ji magana ta yi kaushi, tawa ce. Na ce a liƙa takardar nan a ƙofar ɗakinku kowa ya gani, domin a gaban jama'a aka yi mini abin da aka yi.

Kukana a kan labarin ubana ne, wanda na fara ba yaranku, aka katse shi saboda wani littafin Faransanci mai labarin ƙasar Sin. Sauran labarin ba ya wurin kowa a duniya sai wurina.

Na farko. Ke kika tako har gidana, kika durƙusa kika gaishe ni, kika ce Hausar yaran nan tana zubewa, ba su jin komai sai Faransanci da maganar titi. Kika roƙe ni in riƙa zuwa ranar Asabar bayan la'asar ina ba su labari da harshenmu. Ban nemi aikin nan ba. Na karɓa don darajar mahaifinki, da kuma don jikata Safiya tana cikinsu, amaryata ta wasa, wadda tun tana rarrafe take jan gemuna. Kowace Asabar sai in sa babbar riga, in tsallake gada, in matsu a cikin gbaka, motar hayar nan, da wannan gwiwa tawa, in zo. Na ba su labarin yadda ubana Tanko ya taso daga arewa a ƙafa da jakunan kanwa, da ƙanensa ƙarami a tare da shi. Ba tatsuniya ba ce, abin da ya faru ne. Na bi da su gari gari har na kawo su bakin kogin Komoye da damina, ruwa ya cika ya batse, jakuna sun ƙare a hanya, ƙanen yana goye a bayansa da zazzaɓi, mai kwalekwale kuma ya ce shi ba zai ɗauki mara lafiya ba. A nan na yi shiru. Haka ubana ya ba ni shi, haka ake yi a gidanmu. Mai labari yakan tsaya a inda rai ya rataya, kuma ba ya ɗorawa sai wani a cikin masu ji ya buɗe baki ya ce, to sai me ya faru? Ke ma kin san wannan, don na gaya miki.

Na biyu. Asabar da ta zagayo na zo kamar kullum. Na tarar an rataye fitilun jar takarda tun daga ƙofa, yara sun cika ɗaki har da waɗanda ban taɓa gani ba, wasu sun ɗaure kai da jan ƙyalle. A kan kujerata kuwa kwali ne, cike da littattafai. Wai kashi na biyu na littafin da suke jira ne ya iso. Babu wanda ya aiko mini cewa an canja tsari, ga waya a hannun kowa. Na tsaya a bakin ƙofa da sandata kamar mai neman hanya. Wadda ke tsaye a gaba tana karanta wa jama'a da murya mai daɗi, Safiya ce. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bonsuwar, Papi," ta mai da ido kan takarda. Wani saurayi cikin 'yan kwamitinki ya kawo mini benci ya ajiye a tsakar gida kusa da famfo, ya ce in ɗan jira. Na jira har aka kira magariba.

Na uku, shi ne littafin kansa, kuma a nan ina so ki fahimce ni da kyau. Na ji wasu dattawa a masallaci suna cewa a hana shi, wai akwai ƙona turare ga kakanni a ciki. Ni ba na cikinsu. Kuma ba ni da gaba da mutanen Sin. Rabin buhunan shinkafar da suka lanƙwasa mini baya daga jiragensu na sauke, na sha shayinsu mara sukari a kan jirgi, wani kukunsu ya taɓa ɗaure mini yatsa da ƙugiya ta tsaga. Mutane ne masu riƙe nasu. Abin da ya sa ma abin ya fi yi mini ciwo ke nan.

Na sa Safiya ta zauna ta gaya mini abin da ke ciki, don in san wanda ya kore ni. Ta faɗa da Hausarta mai ɗingishi, tana cike giɓi da Faransanci. Wai yarinya ce sa'arta, wani ƙaton maciji mai gemu da ƙahoni da ke mulkin kogi ya ɗauke mata ƙane, kashi na farko ya ƙare daidai lokacin da ruwa ya rufe kansa. A na biyu ta hau dutse cikin gajimare wurin wata tsohuwa ta koyi riƙon takobi, kuma ƙofar kogin ba ta buɗuwa sai ta kira sunayen kakanninta ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba. Tana faɗa idonta na ƙyalli, hannunta na sara iska. Ba zan yi ƙarya ba, wanda ya tsara shi ya iya. Ya ba yarinya ƙarama takobi a maimakon tsintsiya, ya kai yaranmu ƙasar da ba gbaka ba kwata, ya kuma san inda ake yanke magana a bar mutum da ƙishi. Shekara guda yaran nan suna jira suna gardama a kan ko ƙanen yana da rai. Na gane daɗinsa, Malama, ai sana'armu ɗaya da shi.

To amma ki duba. Kogi, ƙane, kakanni. Me ke cikin nasa da babu a nawa, ban da macijin? Safiya ta jera mini kakannin yarinyar nan da sunayensu masu wuyar faɗa, ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce ta gaya mini sunan ƙanen Tanko, wanda ke goye a bakin Komoye. Ta yi dariya ta ce ta manta, ta sumbaci goshina ta fita. Shi wancan yaron na takarda ne, wani ya ƙago shi a ɗakinsa. Wannan kuwa jininta ne. Ban ga laifinta ba, yarinya ce. Ku da kuka rataya wa wancan fitilu kuka ajiye wannan kusa da famfo, ku kuka nuna mata wanda ya fi daraja.

Na huɗu gajere ne. Da na yi ƙorafi kika aiko cewa in ina so a ba ni ɗan lokaci a ƙarshen karatu, in taƙaita da Faransanci don yara su fi ganewa. Faransancina na bakin tasha ne, na ƙirga buhu da zagin direban kamiyo, babbar motar kaya. Ubana bai roƙi mai kwalekwale da Faransanci ba. Kuma ba don Hausar kika kira ni ba tun farko?

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne, ƙurar siminti da ta shinkafa ta taru a ƙirjina. Likita ya ce numfashin zai riƙa raguwa ne, ba ƙaruwa ba. Yanzu ma sai na huta sau da yawa kafin Sule ya cika shafi. Littafinsu yana da dubban 'yan'uwa a kwalaye, in ɗaya ya yage a sayo wani, in an bar shi shekara goma zai jira. Ni ba ni da wannan halin.

Saboda haka ga roƙona. Kada ku hana su littafinsu, in kashi na uku ya fito ma ku sayo. Ku ba shi Lahadi ko wata rana, ku mayar mini da Asabar ɗina da kujerata a cikin ɗaki. Kada kuma a turo mini mai waya ya ɗauki muryata a ajiye, ba na ba ƙarfe labari. Mafi girma duka, kada ki kira Safiya gefe ki ce ta je ta tambayi kakanta don a rarrashe shi. Zan gane a muryarta, kuma ba zan amsa ba. Ku dai zaunar da su a gabana kamar da, sauran tsakanina da su ne.

Asabar mai zuwa zan sa rigata in tsallake gada. In na tarar da kujera zan zauna, in ban tarar ba zan tsaya. Ba zan buɗe baki ba sai wani yaro ya tambaya don kansa. In har ba wanda ya tambaya, to ku rubuta a cikin littattafanku cewa Hausawan Abidjan sun san yadda yaron ƙasar Sin ya fito daga ruwa, amma ba su san ko nasu ya haye ba.

Allah ya jiƙan mahaifinki, ya yi miki jagora a kan amanar yaran nan, ya ba ki masu tambayarki ranar da kika tsufa.

Wassalam.

Malam Ɗanjuma ɗan Tanko, Treichville.